Saƙon Muryar Inna

Shekarar da korona ta zo ina koyarwa a wata firamare a cikin garin Haɗeja. Da aka rufe makarantu, aka tsaurara zirga-zirga, mijina yana can Dutse wurin aiki, bai samu dawowa ba. Zaman kaɗaici ya ishe ni, sai na kulle ɗakina na koma gidanmu wurin Baba da Inna, da niyyar in yi azumi tare da su.

Baba dillalin kifi ne. Tun ban san kaina ba yake zama a kasuwar kifi, masunta daga Guri da Kirikasamma da ƙauyukan fadama suna kawo masa banda, shi kuma yana haɗa su da fatake masu kaiwa kudu. Ko an wanke rigarsa an goge, sai ka ji ƙanshin hayaƙi a jikinta. A lokacin da abin nan ya faru tsufa ya zaunar da shi, zuwa kasuwa sai jefi-jefi. Yayana, ɗan farin gidanmu, shi ya ɗauki nauyin gida. Direba ne, yana loda kwalayen kifi ya kai Kano, wani lokaci har kudu, sannan yana da 'yar gonar shinkafa ta rani a fadama, hayin kogi. Matarsa a lokacin tana Auyo wurin iyayenta, ta je haihuwa.

Ni ce auta, kuma in Yaya ba ya nan ni kaɗai ce mai babbar waya a gidan. Ina cikin guruf na danginmu, inda ake sanar da biki da suna da rasuwa. Ina kuma bin wani shafi da samarin gari suke ɗora labarin duk abin da ya faru a Haɗeja da kewaye. Bayan la'asar Baba yakan fito tsakar gida ya jingina da bango, ya ce, "Auta, me duniya ta ce yau?" Ni kuma in karanto masa.

Da farko abin raha ne. Ana cewa ciwon masu hawa jirgi ne, wanda bai taɓa ganin filin jirgi ba ina ruwansa. Wani ya rubuta cewa zafin Haɗeja na bazara, wanda har kwalta yake narkarwa, ba ƙwayar cutar da za ta kwana a cikinsa. Wasu suka ce babu cutar sam, dabara ce kawai ta manya. Kullum da sabon magani, yau tafarnuwa da citta, gobe surace da ganyen darbejiya. Akwai masu gargaɗi, suna cewa a wanke hannu, a rage musabaha, amma da sun yi magana sai a yi musu ca, a ce 'yan boko sun fara. Baba yakan yi dariya ya ce, "To tunda kowa ya zama likita, wa zai yi rashin lafiyar?"

Da azumi ya kama sai rahar ta ɗauke. Sanarwar rasuwa ta fara yawa a shafin nan, kuma kusan duka dattawa ne. Hoton tsoho da hula ko rawani, a ƙasa an rubuta unguwarsu da lokacin jana'iza. Kafin ka gama yi wa wannan addu'a an ɗora wani. Baba ya san su duka. In na faɗi suna sai ya ce, "Wannan shi ya sayar mini da kwalekwalena na farko," ko kuma, "Wannan tare muka taɓa zuwa Nguru muna samari." Wata rana ya ɗaga mini hannu tun ban fara ba.

"Kada ki faɗi suna," ya ce. "Faɗa mini unguwa kawai, ni zan gane."

A ƙarƙashin kowane hoto kuwa faɗa ake yi. Wasu na cewa korona ce ta shigo ana ɓoyewa. Wasu na cewa zafi ne da azumi da tsufa, da ma duk bazara ana rasa tsofaffi, bana ne dai waya take tara su wuri guda. Nakan yi mamakin yadda mutum zai fara da Allah ya jiƙansa, kafin ya kai ƙarshen layi ya zagi wanda ya yi magana kafinsa. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa 'ya'yan mai hoton suna karantawa ba.

Cikin wannan hali Yaya ya dawo daga kudu, da ƙyar ya samu ya wuce shingayen hanya. Yana ɗan tari, muryarsa ta dishe, ya ce gajiyar tuƙi ce. Da aka sha ruwa ya ɗauki kwanonsa zai koma gefe, Baba ya ce, "Matso nan. Yaushe rabon da mu ci tare?" Suka ci a kwano ɗaya kamar yadda suka saba. Ina tsaye ina zuba musu kunu, ban ga komai a ciki ba.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kama Baba. Muka ɗauka na cizon sauro ne, aka sayo magani a kemis, wani ma'aikacin lafiya maƙwabcinmu ya zo ya ƙara masa ruwa. Zazzaɓin ya sauka, amma numfashi ya fara yi masa wuya. Daga ɗaki zuwa bayi sai ya tsaya ya dafa bango. Yaya ya ce a tafi asibiti, Baba ya ƙi. A kwanakin akwai wani saƙon murya da ya zaga gari, wani mutum da ba wanda ya san ko wane ne yana rantsuwa cewa duk tsohon da aka kai asibiti yana tari killace shi za a yi, ba mai ganinsa, in ya mutu kuma ba za a ba da gawarsa a yi masa sutura ba. Abokan hirar Baba sun kunna masa wannan saƙo a zaure tun kafin ya kwanta.

"Ku bar ni a ɗakina," ya ce. "In tafiyar ce, in tafi ina jin motsin gidana."

Muka yi ta lallashi. Ranar da ya yarda, Yaya ya fita da hantsi neman ƙaramar mota. Kafin ya dawo Baba ya cika, kansa a cinyar Inna.

An yi jana'iza kafin azahar. Mu mata muna ciki, abin da na lura da shi kawai shi ne ƙarancin hayaniya a waje. Baba mutum ne da ba ya fashin jana'iza, ko ta wanda bai sani ba in ya gamu da ita a hanya sai ya bi. Na zaci ranar tasa layinmu ba zai ɗauki mutane ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don zaman makoki, Baffa, ƙanin Baba, ya zauna da Yaya da wasu 'yan tsiraru. Cikin gida ma haka. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga su yi gaisuwa daga nesa. Ban ga laifinsu ba, an hana taro, kuma kowa yana da tsohonsa a gida. Amma Inna, da ta shiga takaba tana zaune a ƙuryar ɗaki da carbi, kunnenta yana ƙofa. Duk motsin da ta ji sai ta gyara mayafi ta jira sallama, sau da yawa kuma ashe iska ce ta kaɗa labule.

Washegari ta ce, "Auta, a wayar nan ba a ce komai ba?"

Inna ba ta yi boko ba. Na zauna gabanta na shiga karanto mata ta'aziyyar da ake yi a guruf da shafin gari. A nan kam mutane sun zo. Daga Kano, daga Maiduguri, har da wasu fataken kudu da Hausarsu ba ta nuna ba. Wani ya ce Baba ya taɓa ba shi masauki a zaurenmu lokacin da motarsa ta lalace da damina. Wani masunci ya turo murya yana kuka. Kowanne na karanta sai Inna ta ce amin, ta tambaye ni ɗan gidan wane ne. Haka zaman makokinmu ya kasance, ni da ita a ɗaki, wayar tana tsakaninmu.

Ina cikin haka na ci karo da wani bidiyo a shafin gari. Daga nesa aka ɗauke shi, hannun mai ɗaukar yana rawa. Na ga zaurenmu, na ga bishiyar ƙofar gida, na ga an fito da makara. Mace ba ta raka gawa, ban taɓa tunanin zan ga fitar Baba daga gida ba, sai ga shi a tafin hannuna. A sama an rubuta cewa ga wani kuma korona ta ɗauke, masu musu su ci gaba da musu. Na gangara ƙasa. Wani ya ce ƙarya ne, ya san tsohon, hawan jini ne da shi tun tuni, alhali Baba bai taɓa yin hawan jini ba. Wata ta ce a rufe layin gaba ɗaya. Sai wani saurayi ya rubuta cewa mai shuɗiyar rigar nan da ke gaban makara ɗansa ne, direba ne, shi ya kwaso ta daga kudu ya kawo wa ubansa. Daga nan maganar ta bar kan Baba ta koma kan Yaya.

Ban karanta wa Inna wannan ba. Na tsallake na ci gaba da addu'o'i.

Bayan 'yan kwanaki ma'aikatan lafiya suka zo da takunkumi da safar hannu. Sun yi ladabi, sun fara da ta'aziyya, suka yi mana tambayoyi, suka ɗauki samfur a hancin Yaya tunda shi ne ya yi tafiya, suka ce ya keɓe kansa kafin sakamako ya fito. Motarsu ba ta gama barin layi ba hotonta ya hau shafi. Yaya ya ɗaure 'yan kayansa a bayan mashin ya tafi fadama. Akwai bukka a bakin gonarsa, shinkafar ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki sun sauko suna ɓarna. Ya ce can ya fi masa, ko ba komai zai kori tsuntsaye.

Sakamako ya fito ba a ga komai ba. Amma wanda ya kira shi ya gaya masa gaskiya, cewa mai yiwuwa bai taɓa ɗauka ba, mai yiwuwa kuma ya ɗauka ta wuce kafin a gwada. Baba kuwa an binne shi ba gwaji. Yaya bai dawo gida ba.

Wata rana da rana tsaka ya kira ni. Ina jin ƙarar gwangwanayen da ake kaɗawa don korar tsuntsaye, da injin ban ruwa can nesa.

"Auta, kin ga abin da ake rubutawa?"

"Na gani, Yaya. Ka daina dubawa."

"Ina dainawa, sai in ga hannuna ya koma." Sannan ya ce, "Ke ma kina ganin ni ne?"

"Kwanansa ne ya ƙare, Yaya."

"Na san wannan. Ba shi na tambaye ki ba."

Can ya ce a gaida Inna, ya kashe.

Abin da nake tsoro ya faru, maganar ta shigo guruf na dangi. Wani ɗan gwaggonmu da ke aiki a Abuja ya turo bidiyon, ya bi shi da dogon rubutu. Ya ce a daina rufa-rufa, cutar gaskiya ce, kuma wanda ya dawo daga tafiya yana tari ya zauna cikin tsofaffi ya yi ganganci, dole a faɗa don wasu su kiyaye. Baffa ba ya rubutu, murya yake turowa. Ya turo tana rawa don fushi, ya ce babu wata korona a zuriyarmu, duk wanda ya ce ita ta kashe yayansa ya ci mutuncin mamaci. Dangi suka rabu biyu. Mutanen da ko waya ba su bugo mana ba lokacin jinya suna ta bayanin yadda Baba ya mutu. Wasu suka fita daga guruf, aka mayar da su, suka sake fita. A raina na san ɗan gwaggo yana da gaskiya a wani ɓangaren maganarsa, Baffa kuma ƙauna ce take cin sa. Amma ba wanda ya tuna cewa Yaya yana cikin guruf ɗin, yana can cikin bukka yana gani.

Ran nan ina karanta wa Inna, na zo wurin na yi sauri zan wuce. Ta ajiye carbi.

"Koma baya."

"Ba komai, Inna, masu tallan magani ne."

"Auta, tuni nake jin kina tsallake. In kin zo wurin sai numfashinki ya canja. Mijina ne ya mutu. Karanta mini."

Na karanta mata duka, tun daga bidiyon har rubutun ɗan gwaggo, na kunna mata muryar Baffa. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta tambaya kawai shi ne, "Shi ma yana ganin wannan?" Na ce e.

Inna mai tsananin alkunya ce, irin wadda ta gada daga kakanninta Fulani. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunan ɗan farinta ba. "Yayanki" take cewa, ko "mutumin nan". In ya zo gaisuwa sai ta amsa tana kallon wani wuri. In an yabe shi ta canja magana, in an zarge shi ba ta tankawa. Muna yara in ya yi faɗa a waje, ko shi ke da gaskiya ba ta taɓa shigar masa ba.

Ta kalli wayar, sannan ta nuna ta da haɓa.

"Yadda baffanku ya yi magana a ciki, ni ma zan iya?"

"Za ki iya. Amma Inna, kowa zai ji."

"Don a ji zan yi."

Na danna, na kara mata wayar kusa da baki. Ta gyara mayafi kamar mutanen suna gabanta, ta yi sallama.

"Ni ce matar mamacin da kuke magana a kansa. A cinyata ya cika, amma ban san sunan ciwon da ya tafi da shi ba. Na ji ku duk kun sani. Abin da na gani da idona shi ne numfashi ya yi masa wuya, kuma mun jinkirta kai shi asibiti saboda tsoro. In cutar nan ce, ku kula da tsofaffinku, kada ku jira kamar yadda muka jira. In ba ita ba ce, Allah ya san ko mece ce. Amma ɗana," sai ta ambaci sunansa, "bai kashe ubansa ba. Ya ɗauki kwanonsa zai koma gefe, uban da kansa ya kira shi. Shi ya yi jinyarsa, shi ya ɗauki makararsa. Yanzu yana can daji shi kaɗai cikin azumi. Mai addu'a ya yi mana, wanda ba shi da ita ya yi shiru. Na gode."

Sunan ya fito daga bakinta kamar baƙo, har ta ɗan sarƙe a kansa. Na tura.

Guruf ya yi tsit har magariba. Daga nan amin da ban haƙuri suka fara shigowa. Ɗan gwaggo ya goge rubutunsa ya kira Inna, ta amsa masa lafiya ƙalau.

Saƙon bai tsaya a dangi ba, wani ya fitar da shi. Ya dawo mini daga wata malama abokiyar aikina, an yanke shi, an sa masa take cewa matar mamaci ta ƙaryata korona. Ba a jima ba ya sake dawo mini ta wani guruf, an yanke ɗaya ɓangaren, an ce ta tabbatar. Na ji kamar in jefa wayar a rijiya. Tunda na daina tsallake, sai na gaya wa Inna.

"Wanda na yi dominsa ya ji?" ta tambaya.

Na duba, alama ta nuna ya saurara.

"To shi ke nan."

Yaya ya dawo washegari gab da shan ruwa. Ya rame, ya yi baƙi, ƙafafunsa duk taɓon fadama. Ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakin Inna daga waje ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon bango, kamar kullum. Ya buɗe baki zai yi magana, kuka ya ci ƙarfinsa, ƙaton mutum yana shessheƙa kamar yaro, abin da ko ranar jana'iza bai yi ba. Inna ba ta juyo ba. Ta ce mini, "Ki zuba wa yayanki kunu, an kusa kira."

Har yau ban san tabbas abin da ya kashe Baba ba. A kwanakin jinyarsa Inna ta yi ta ƙorafin ba ta jin ƙanshin komai, har miya ta taɓa kamawa a tukunya tana zaune kusa da murhu ba ta ji ba. Daga baya na karanta, a wayar nan dai, cewa wannan yana cikin alamomin cutar. Ni zuciyata can ta fi karkata. Baffa har gobe cewa yake yi zafi ne. In mun haɗu ba ma tayar da maganar.

Bayan Sallah aka sassauta doka, ruwan farko ya sauka, mutane suka fara zuwa ta'aziyya da ƙafarsu. Masunta sun zo daga ƙauyuka a kan mashin, wasu da ƙunshin kifi. Tsofaffin abokan Baba da suka rage suka zo suna dogara sanda, suna ba da haƙurin rashin zuwa a kan lokaci. Yaya ya zauna a zaure a inda Baba yake zama, yana karɓar gaisuwa.

Wata yamma na kai ruwa bakin zaure, sai na hango wani saurayi ya rako mahaifinsa. Na gane fuskar daga ɗan hoton da ke gefen rubutunsa, shi ne ya fara nuna Yaya a bidiyon. A fili ya fi ƙanƙanta fiye da yadda na zata, ya tsuguna a bayan mahaifinsa, idonsa a ƙasa. Da aka ɗaga hannu ya ɗaga, aka yi doguwar addu'a aka shafa. Da za su tafi Yaya ya miƙe ya raka su har bakin titi.

Da ya shigo na tare shi a tsakar gida.

"Yaya, ka gane yaron nan?"

"Na gane shi tun yana cire takalmi."

"Ba ka ce masa komai ba?"

"Ya yi wa Baba addu'a, na ce amin," ya ce. Ya ɗauki buta ya wuce alwala.